GWAMNAN DA YA JINKIRTA SALLAR LA'ASAR

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya dare da rana suna bin juna, ya kuma yanka wa kowace ibada lokacinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk almajirin da ya taɓa buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Maliki, Allah ya yi masa rahama, ya san ba da babin tsarki aka fara ta ba, kamar yadda aka saba gani a yawancin littattafan fiƙihu. Da babin lokutan salla aka fara. Hadisin farko kuwa da malamin Madina ya ajiye a bakin ƙofar littafinsa, labari ne na waɗansu gwamnoni biyu da suka jinkirta salla, aka sami malaman da suka shiga har inda suke zaune suka yi musu magana. Wannan kaɗai ya isa ya sa kowane ma'aikaci ya tsaya ya saurara, tun daga masinja har zuwa babban sakatare, domin babu wata magana da ta fi yawo a bakin ma'aikata a yau kamar a ce aiki ya yi yawa, lokaci ya yi kaɗan.

Ga yadda abin ya faru. Umaru ɗan Abdul'azizu, tun kafin ya zama halifa, shi ne gwamnan Madina. Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki ne ya naɗa shi wajen shekara ta 87 bayan hijira, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kuma riƙe garin har shekara ta 93. Wata rana sai la'asar ta ɗan gota lokacin da aka saba yin ta. Malaman da suka yi wa littafin sharhi sun bayyana cewa ba fitar da ita ya yi daga lokacinta ba, jinkirta ta kurum ya yi daga farkon lokaci, kuma abin da suka fi zato shi ne wata maslaha ce ta Musulmi ta ɗauke masa hankali, ba barci ko wasa ba. Duk da haka sai Urwatu ɗan Zubairu, ɗan 'yar'uwar Nana A'isha, ya shiga wurinsa ya ba shi labari cewa Mugiratu ɗan Shu'uba ma ya taɓa yin haka sa'ad da yake gwamna a Kufa. A can ma sai sahabi Abu Mas'udu Ba'ansare ya shigar masa, ya tuna masa cewa Mala'ika Jibrilu da kansa ya sauko ya yi sallolin nan biyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowace a lokacinta. Umaru ya yi mamaki, ya nemi Urwatu ya tabbatar da abin da yake faɗa. Urwatu ya ambata masa wanda ya ji maganar daga bakinsa, watau Bashiru ɗan Abu Mas'udu, shi kuma daga mahaifinsa. An ruwaito cewa tun daga ranar Umaru ya kafa wa kansa wata alama da yake gane shigar lokacin salla da ita, bai kuwa rabu da ita ba har ya bar duniya.

Abin lura a nan, gwamnan bai nuna wa malamin tarin aikin da ke gabansa ya ce ya yi masa uzuri ba. Bai kuma tambayi wanda ya bar shi ya shigo ba, domin shi da kansa, ranar da ya sauka Madina, ya kira malaman fiƙihu goma na garin, har da Urwatu a cikinsu, ya ce yana so su zama mataimakansa a kan gaskiya, kuma ba zai yanke wani al'amari ba sai da shawararsu. Wanda ya buɗe ƙofa irin wannan ba ya jin haushi in an shigo ta cikinta.

A cikin wannan babi ne kuma Imamu Maliki ya kawo takardar da Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya aika wa gwamnoninsa. Ya sanar da su cewa a cikin dukan al'amuransu babu wanda ya fi muhimmanci a wurinsa kamar salla, kuma wanda ya tozarta ta lalle zai fi tozarta abin da ba ita ba. Sa'an nan ya bi sallolin ɗaya bayan ɗaya yana zana musu lokacin kowace. Mai karatu ya duba, mutanen da aka rubuta wa wannan takarda su ne mafiya yawan aiki a daular: suna tara haraji, suna tsare kan iyaka, suna sauraron ƙararraki. Hikimar halifan a fili take. Mutumin da aka yi wa alkawari biyar a kowace rana da Ubangijin da ya halicce shi, ya kasa cika su a kan kari, da wuya ya cika alkawarin da ya yi wa talakan da ba shi da ikon yi masa kome. Wanda kuwa ya saba da miƙewa da zarar lokaci ya shiga, ya riga ya koyi babban darasin tsarin aiki tun bai shiga ofis ba, watau kowace sa'a tana da mai ita, ba a kuma biyan wani da haƙƙin wani.

In aka dubi yadda aka jera sallolin nan za a ga rana ta zo a yanke, ba a dunƙule ba. Daga asuba zuwa azahar babu wata farilla, kuma a ƙasar Hausa wannan tsakani ya kai sa'a bakwai ko fiye. Shi ne yanki mafi tsawo, mafi sanyi, kuma a cikinsa ne hankali ya fi zama wuri ɗaya. Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sahru Algamidi, ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura hajarsa da sassafe har dukiyarsa ta yawaita. Hausawa ma sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Daga azahar zuwa la'asar tsakani ne gajere, na cin abinci da ɗan hutawa da ƙarasa abin da ya saura. Daga magariba kuwa sallolin sun matso kusa da juna, suna jan mutum zuwa unguwarsu da gidansa, sa'an nan a bar masa dare ya huta.

To, yaya ma'aikacin yau ya yi da wannan rabo? Akwai ma'aikata iri biyu da suke kukan rashin lokaci, kuma kukan nasu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda aka ɗauka aiki daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe huɗu, amma ba ya isowa sai hantsi ya dubi ludayi. In ya iso sai a shiga gaishe-gaishe daga wannan ofis zuwa wancan, a aiki masinja ya sayo ƙosai, a sunkuya a kan wayar hannu ana duba labaran da ba su ƙare wa kowa kome ba. Kafin ya buɗe fayil na farko an kira azahar. Sai ya tashi da sauri, kai ka ce babu wanda ya kai shi kiyaye lokaci, ya tafi masallaci. Sallar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba har da alwala, sai ta cinye sa'a biyu, domin daga masallaci an zarce wurin mai abinci, daga can an tsaya hira a gindin bishiya. Da ya dawo sai ya dubi agogo ya ga la'asar ta kusa, ya rufe tebur. Wannan bawan Allah ya juya maganar Sayyidina Umaru baibai. Sallar da aka sa ta zama ma'aunin amanarsa, ita ya mayar mayafin da yake rufe ha'incinsa da shi.

Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙodago gida biyu a babin ijara. Akwai wanda ake biya a kan aikin da ya gama, kamar tela ko maƙeri, wanda yake karɓar aikin mutane da yawa. Akwai kuma wanda ake biya a kan lokacinsa, shi ne mai albashi. Shi wannan na biyu ya sayar da sa'o'insa ne, sun fita daga mulkinsa sun koma na wanda ya ɗauke shi. Abin da shari'a ta keɓe masa daga ciki shi ne lokacin farilla da tsarkinta, da abin da ɗan Adam ba ya iya rayuwa sai da shi, da kuma hutun da aka yi yarjejeniya a kansa. Nafila kuwa ba ta shiga cikin wannan keɓewa, balle hira. Saboda haka wanda ya bar mutane a layi ya tsaya jan dogon wuridi bayan sallama, da dukiyar wani yake neman lada. Ko ranar Jumma'a, wadda Allah ya yi umurni a bar ciniki in an yi kiran salla, a cikin surar nan dai ya ba da izinin a watsu a nemi falalarsa da zarar an idar.

Akwai wani ɗan labari a cikin babin nan na Muwaɗɗa da ya dace da wannan wuri. Sayyidina Umaru ya fito daga sallar la'asar ya gamu da wani mutum da bai halarta ba, ya tambaye shi dalili, mutumin ya kawo uzurinsa, sai halifa ya ce masa ya yi tauye. Kalmar da ya yi amfani da ita kuwa ita ce wadda Alƙur'ani ya kira masu tauye mudu da ita a Suratul Muɗaffifina. Imamu Maliki ya biyo bayan labarin da bayanin cewa kowane abu yana da cikawa yana da tauyewa. Ashe ba mai awon gero a kasuwa kaɗai ake nufi ba. Wanda yake ƙirga albashinsa har kwabo na ƙarshe in wata ya mutu, ya tayar da jijiyar wuya in an yi masa jinkirin kwana uku, alhali shi sa'a uku yake bayarwa a maimakon takwas, ai siffar da surar ta zana ce daidai: mudun karɓa a cike, mudun bayarwa a tauye.

Wanda ake tauye wa ɗin kuma ba gwamnati ba ce kawai, wadda ba a ganin fuskarta. Wani tsoho ne da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa, ya ranto kuɗin mota daga ƙauyensu ya zo babban birnin jiha don a sa hannu a takardar fanshonsa. Ya zauna a benci tun safe, ba ya ko iya tashi ya sha ruwa don kada a kira shi ba ya nan. Can da yamma a leƙo a ce masa ya dawo gobe. Ga mai faɗar, kalma biyu ce. Ga tsohon kuwa kwanan masallacin tasha ne, da wani sabon bashi, da iyalin da ya bari ba cefane. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wani sahabi mai alkunya Abu Maryama ya shiga wurin Mu'awiya ya faɗa masa abin da ya ji daga Annabi, cewa duk wanda Allah ya jiɓinta wa wani abu na al'amarin Musulmi, ya shiga shamaki ya bar su da bukatunsu da talaucinsu, Allah zai sa shamaki tsakaninsa da tasa bukatar ranar ƙiyama. Mu'awiya bai tsaya ga jin tsoro kawai ba. Nan take ya naɗa mutum guda wanda aikinsa shi ne kula da bukatun jama'a.

Ma'aikaci na biyu ya fi cancantar tausayi, amma shi ma yana kan kuskure. Shi ne mai gaskiya, mai zuwa da wuri, wanda saboda an san zai yi sai kowa ya tura masa. Teburinsa ya cika har ba a hango kansa. Yakan haɗa azahar da la'asar da magariba ya zuba su a lokaci ɗaya da dare, yana gyangyaɗi. 'Ya'yansa sun yi barci kafin ya dawo, ya kuma fita kafin su farka. Wannan shi ya fi bukatar ya san yadda gwamnan nan da ya jinkirta la'asar ya kasance bayan da nauyin daular Musulunci duka ya hau kansa.

An yi wa Umaru ɗan Abdul'azizu mubaya'a a watan Safar na shekara ta 99, ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101, watau daga 717 zuwa 720 a lissafin miladiyya. Shekara biyu ke nan da wata biyar, amma abin da ya gyara a cikinsu har yau ana ba da labarinsa. Masu tarihinsa, cikinsu har da Abdullahi ɗan Abdulhakamu almajirin Imamu Maliki, sun kawo cewa wani ɗan'uwansa ya ba shi shawara ya hau doki ya fita shan iska ya huta. Ya tambaye shi wa zai yi masa aikin wannan rana. Aka ce ai sai ya yi shi gobe. Sai ya amsa cewa aikin rana ɗaya ma ya danne shi, ina ga in na kwana biyu ya taru a kansa? A nan asirin tarin fayil yake. Ba a rana ɗaya yake taruwa ba. Takarda guda ce da za a iya gamawa cikin minti biyar aka ajiye gefe don tana bukatar ɗan tunani, gobe ta sami 'yar'uwa, kafin wata ya zagayo mai teburin da kansa yana jin tsoron duban wannan ɓangare. Kuma takardar da aka jinkirta ba ta zama shiru, tana haihuwa: mai ita zai dawo sau uku, zai aiko da wani babba ya yi masa magana, zai rubuto takardar tuni, kowanne daga cikin waɗannan kuwa yana cin lokacin da ya fi na aikin asali.

Halifan bai tsaya ga gama aikin yau a yau ba, ya kuma rage yawan aikin da ba shi da amfani. Gwamnansa na Madina, Abubakar ɗan Hazmu, ya rubuto yana neman a ƙara masa takardun rubutu. Sai ya mayar masa da amsa cewa ya fiƙe alƙalaminsa, ya matse tsakanin layuka, ya tara bukatu da yawa a cikin takarda ɗaya, domin Musulmi ba su da bukatar doguwar magana da za ta cuci baitulmalinsu. Galibi akan kawo wannan labari don nuna tsimin dukiyar jama'a, haka ne kuwa, amma akwai tsimin lokaci a cikinsa, na marubuci da na mai karantawa. Da masu kiran taron da ake shafe sa'a huɗu a cikinsa, a tashi ba a yanke kome ba sai ranar taro na gaba, sun ji wannan amsa, da sun sami abin da za su gyara.

Wani gwamnan kuma ya kasance duk umurnin da aka aika masa sai ya mayar da tambaya. Halifa ya rubuta masa cewa yana jin ko da akuya ya ce ya ba wani mutum, sai ya rubuto yana tambayar wace iri, baƙa ko fara, alhali tafiya tana da nisa kuma mutuwa ba ta jiran amsar wasiƙa. Ya umurce shi ya riƙa zartar da mayar wa mutane haƙƙinsu ba tare da ya komo gare shi ba. Wannan cuta tana da fuska biyu a ofisoshi. Akwai ƙaramin ma'aikaci mai tsoron ɗaukar alhaki, wanda kome ƙanƙantar abu sai ya tura sama. Akwai kuma shugaban da ya hana kowa motsi, ko sayen tsintsiya sai da sa hannunsa, sa'an nan ya dawo yana kukan aiki ya yi masa yawa. Wani lokaci yana kiran wannan hali nasa riƙon amana, alhali in ya bincika zuciyarsa zai tarar son a riƙa jiransa ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Annabi Musa, da aka aike shi zuwa ga Fir'auna, ya roƙi Allah ya sanya masa ɗan'uwansa Haruna ya zama wazirinsa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. A ƙasar nan ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a shekarar 1812, ya raba tafiyar da mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi, wanda ya riƙe yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙe gabas, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da wallafa har ya rasu a 1817. Ya san abin da wani zai iya ɗaukar masa, ya kuma san abin da shi ne ya fi dacewa da shi.

Imamu Maliki kansa yana da wani tsari a ƙofar gidansa. In mutane suka taru, sai a fito a tambaye su ko hadisi suke so ko mas'ala. In mas'ala ce sai ya fito nan da nan ya amsa musu su tafi. In hadisi ne sai ya shiga ya yi wanka, ya sa tufafi masu kyau da turare, sa'an nan ya zauna. Girmama maganar Annabi ce ta sa shi yin haka, amma mai tambayar da amsarta ba ta wuce kalma uku ba shi ma ya amfana, bai yini a zaune yana jiran a gama dogon karatu ba. Da a kowane ofis za a sami mai fitowa da safe ya bi benci ya tambayi kowa abin da ya kawo shi, da rabin masu jira sun koma gida kafin hantsi.

Saura maganar jiki da iyali, waɗanda su ne ma'aikacin kirki ya fi zalunta, domin su ba sa rubuto takardar ƙorafi. Umaru ɗan Abdul'azizu yana da ɗa saurayi mai tsananin tsoron Allah, sunansa Abdulmaliki. Bayan an binne Halifa Sulaimanu aka ɗora wa Umaru mulki, sai ya nufi gida ya ɗan kishingiɗa, don ya kwana bai runtsa ba, da niyyar in ya yi azahar ya zauna mayar wa mutane abin da aka ƙwace musu. Ɗan ya tare shi ya tambaye shi wa ya lamunce masa zai kai azahar da rai. Uban ya sumbaci goshinsa, ya gode wa Allah da ya ba shi ɗa mai taimakonsa a kan addininsa, ya fasa barcin ya fita. Amma an ruwaito wata rana dabam da ɗan ya sake iske shi yana hutawa da rana ya yi masa irin wannan magana, sai ya ce masa ransa shi ne abin hawansa, in bai tausasa masa ba ba zai kai shi masauƙi ba. Amsoshin nan biyu ba su saɓa wa juna ba. A ranar farko haƙƙin mutane ne da aka daɗe ana dannewa, babu wanda ya taɓa sauraronsu. A rana ta biyu kuwa ya riga ya zauna musu tun safe, abin da ya rage shi ne ya adana ƙarfin da zai zauna musu gobe.

Asalin wannan yana cikin Sahihul Buhari. Salmanu Bafarishe ya ziyarci Abu Darda'i, wanda Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, ya iske matarsa cikin tufafin aiki ba ado. Ta gaya masa ɗan'uwansa ba shi da bukatar duniya. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abu Darda'i ya karya azumin nafilarsa suka ci tare, da dare kuma ya hana shi tashi salla sai can ƙarshen dare. Sa'an nan ya gaya masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, sai ya ba kowane mai haƙƙi nasa. Da labari ya kai ga Annabi ya gaskata Salmanu. To, in ibadar dare ba ta zama uzurin tauye haƙƙin mace ba, yaya fayil zai zama? A zamanin da, in ma'aikaci ya kulle ofis aiki ya ƙare sai gobe. Yanzu ofis yana cikin aljihunsa, yana bin sa har kan tabarmar cin tuwo, yaro yana yi masa magana idonsa na kan waya. Shugaban da yake kiran na ƙasa da shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare a kan abin da zai iya jiran safiya, ya sani sa'ar da ya ɗauka ba ta cikin abin da aka saya da albashi. Labarin fitilar nan ya shahara, yadda Umaru yake kashe ta baitulmali ya kunna tasa in magana ta koma kan al'amarin gidansa. Iyakar da ya ja tana aiki ta fuska biyu: kayan jama'a ba sa shiga hidimar gida, lokacin gida kuma ba a kwashe shi a kai wa ofis sai da lalura ta gaskiya.

Lalura kuwa tana nan, shari'a ba ta manta da ita ba. Likitan da ya buɗe cikin majinyaci, da ungozomar da haihuwa ta zo mata, da ma'aikacin kashe gobara, ba a ce su saki rai su tafi sahu ba. A mazhabar Maliki kowace salla tana da lokacin zaɓi da lokacin lalura. Zaɓin azahar yana farawa daga karkatar rana har inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da rana ta karkata a kanta. Daga nan zaɓin la'asar ya shiga har rana ta yi fatsi-fatsi. Lalurinsu duka biyu yana miƙewa zuwa faɗuwar rana, amma wanda ya kai salla can ba da uzuri ba ya yi laifi, ko da yake sallar ta inganta. Tsakanin farkon zaɓi da ƙarshensa akwai yalwa ta sa'o'i, wadda ta ishi mai tsari ya shirya aikinsa. Abokan aiki kuma suna iya yin karɓa-karɓa, waɗansu su yi salla waɗansu su tsare wuri, don kada a kulle ɗakin ba da magani gaba ɗaya majinyata suna tsaye. Sayyidina Umaru da maƙwabcinsa Ba'ansare haka suka yi a kan neman ilmi: yau wannan ya sauko majalisar Annabi ɗayan ya tsaya a kan sana'a, gobe su sauya, kowa ya kawo wa ɗan'uwansa abin da ya ji.

Limaman masallatan ofisoshi da na kasuwanni su ma suna da nasu kaso a cikin wannan magana. Mu'azu ɗan Jabalu yakan yi salla tare da Annabi sa'an nan ya koma ya yi wa mutanensa limanci. Wani dare ya buɗe Suratul Baƙara a sallar lisha. A bayansa akwai wani mutum da ya yini yana ban ruwa da raƙumansa, sai ya ware ya yi sallarsa shi kaɗai ya tafi. Mu'azu ya zarge shi da munafunci. Mutumin ya kai ƙara wurin Annabi, ya bayyana cewa su mutane ne masu aiki da hannuwansu. Annabi bai tsawata wa ma'aikacin ba, Mu'azu ya tsawata wa, ya tambaye shi har sau uku ko so yake ya fitini mutane. Sa'an nan ya ambata masa surorin da zai riƙa karantawa, irin su Sabbi da Wasshamsi da Wallaili, domin a bayansa akwai tsoho, akwai mai rauni, akwai mai bukata. Limamin da yake jan azahar a harabar sakatariya ko asibiti, sa'an nan ya juyo ya buɗe wa'azin rabin sa'a, ya tuna a cikin sahunsa akwai akawun da ya bar mutum ashirin a kan benci, a cikinsu kuwa har da tsohon nan mai takardar fansho, wanda motar ƙauyensu ta ƙarshe take tashi bayan la'asar.